Malam, kada ka saka kaset ɗin nan tukuna

Assalamu alaikum. Malam wallahi tambayarka ta taɓa ni, sai da na karanta ta sau biyu. Ka ce ka gaji tsohuwar rikodar mahaifinka da kwalin kaset-kaset ɗinsa, sauti yana fita a dushe kuma tana jan murya, kana tambaya wai da gaske ne analog, wato irin su kaset, ya fi dijital, irin su CD da MP3, daɗin sauti, kuma ka gyara ta ne ko ka haƙura. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kafin mu zo kan wanne ya fi, don girman Allah duk kaset ɗin da ka san ba ka da madadinsa kada ka ƙara saka shi cikin injin nan. Jan muryar da kake ji alama ce bel ya saki ko robar da ke danne zare ta bushe, kuma daga nan sai tauna.

Ni abin da ya same ni ke nan. Tawa ma ta mahaifina ce, irin 'yan Japan ɗin nan na shekarun 1980 masu allura biyu a gaba. Akwai wani kaset C90, wato mai minti 90, guda ɗaya da ya naɗa da kansa muna yara, yana hira da mu yana sa ƙanwata karatu tana ta kuskure yana dariya, can daga nesa kana jin muryar mahaifiyarmu tana kiran sunana. Shi kaɗai ne inda muryarsa ta rage mana a duniya. Na kai rikodar wajen wani mai gyara da aka yi ta yaba min, ta yi sati uku a wurinsa, ranar da na je karɓa ya buga ƙirji ya ce min Alhaji ai ta dawo sabuwa fil. Ya saka wani kaset nasa ya kunna na daƙiƙa kaɗan ya kashe, na yarda na ɗauko.

Da daddare na saka na Baba. Ya fara magana lafiya lau, har na kira ƙanwar tawa a waya na kara mata tana ji tana kuka, sai na ji muryar ta fara rawa kamar mai magana a ƙarƙashin ruwa, ni kuma na ɗauka tsufan kaset ne na bar shi yana tafiya, ban san gefen da ke naɗe zaren ya tsaya cak ba, zare yana ta fita yana nannaɗewa a jikin ƙarfen nan mai juyawa. Kafin in danna tsayawa ya cukuikuye. Na buɗe ƙofar kaset ɗin ya ƙi fitowa, hannuna yana karkarwa na ja, ina ji ya tsinke. Ban yi barci ba ranar. Na zauna da fitila da biro ina warware zare a kan tebur har asuba, wajen da ya yamutse ya kai tsawon ɗakin ya ninka, kuma daidai wajen da yake yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunayenmu.

Da gari ya waye na kwance bayan rikodar da kaina. Malam ka san me na gani? Robar ɗaure takarda ya saka a madadin bel. Ya kuma fesa mai ko'ina, har kan robar da ke danne zare, wurin da ko ɗigon mai bai kamata ya taɓa ba. Na koma wurinsa da injin da kaset ɗin a hannu, ko ɗago kai bai yi ba, wai ai tsohon kaset ne dama ya gama yayi, wai in tura waƙoƙin a waya mana. Waƙoƙi! Na ce masa muryar ubana ce, ya ce to Allah ya jiƙansa, ya ci gaba da abin da yake yi. Da cewa ya yi bai samu bel ɗin ba wallahi da na jira shekara ma. Har yau in na tuna yadda ya buga ƙirjin nan sai in ji zuciyata tana tafasa, na yafe kuɗin amma wancan ban iya ba tukuna.

To ka ga dalilina. Ka nemi kaset ɗin da ba ka damu da shi ba ka riƙa gwaji da shi, ka bar shi ya ƙare gefe guda cur, minti 45 in C90 ne, kana kallon ko duka ƙafafun biyu suna juyawa. Bel kuwa ka nemi na ainihin lambar injin, tsofaffin narkewa suke yi su koma kamar kwalta, sai ka goge tas da sifirit kafin ka saka sabo. Hed ɗin ma, wato ɗan ƙarfen da zare ke gogawa yana karanto sauti, auduga da sifirit, za ka ga tana fitowa ja-ja kamar tsatsa, wannan dattin shi kaɗai yana dusar da sauti. Ka duba maɓallin Dolby kuma, wato mai rage shuuu ɗin kaset, in ba da shi aka naɗa kaset ɗin ba ka kunna shi to zai danne maka siririn sauti ka ji kamar an rufa wa lasifika bargo. Haka in ka sa maɓallin zaɓar nau'in zare a kan chrome alhali kaset ɗin normal ne. Akwai ɗan sukuru a gefen hed da ke daidaita tsayuwarsa, in ya karkace ko yaya sauti ya dushe, amma ka sa masa alama kafin ka taɓa, kuma kaɗan-kaɗan ake juya shi kana saurare. C120 kuwa, mai minti 120, ka yi hattara da shi, zarensa ya fi siranta, shi inji ya fi ci. Af, ka ɓalle ɗan haƙorin da ke saman kaset ɗin Baba yanzu-yanzu, kar wani yaro ya danna jan maɓalli ya goge.

Maganar wanne ya fi, na san akwai waɗanda za su ji haushina a nan, amma ni da nake son kaset kamar raina ba zan ce maka ya fi CD fitar da sauti yadda yake ba. Lokacin da Philips suka fito da shi a 1963 don ɗaukar magana aka fi nufinsa. Zaren bai kai milimita 4 a faɗi ba, an raba shi layi huɗu, yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, alhali manyan injinan situdiyo masu faifan zare suna gudu santimita 38. Shi ya sa ba ka raba shi da shuuu ɗin nan, don rage ta ma aka kawo Dolby B a 1968. CD da ya zo a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, ya wuce iyakar abin da kunnen mutum ke ji, tazarar da ke tsakanin shiru da ƙara a wurinsa ta kai desibel 96 a ma'aunin ƙarfin sauti, kaset na yau da kullum kuwa hamsin da wani abu zuwa sittin ne. Kuma kaset duk kunnawa yana ɗan cinyewa, in ka kwafa daga wani zuwa wani yana raguwa.

Amma ɗumin da mutane ke faɗa gaskiya ne, ina jinsa. In sauti ya yi ƙarfi zare ba ya yanke shi kai-tsaye, lanƙwasa shi yake yi a hankali, kaifin sama ya ɗan kwanta, sai ka ji ganga ta cika kunne ba ta soke ka ba. Canza sautin yake yi, sai dai canjin mai daɗi ne. Kuma yawancin masu zagin dijital da MP3 ɗin da aka matse sosai don ya yi ƙarami suke gwadawa, ta lasifikar waya, ko sababbin waƙoƙin da aka tura wa ƙara har ba su da wurin numfashi. Ka kwafi kaset da kyau zuwa kwamfuta ka rufe ido a kunna maka, ɗumin nan da shuu ɗin duk suna nan, ni na gwada da kunnena ban iya rabewa ba.

Don haka ka gyara ta, ta cancanta, tsofaffin nan sun fi sababbin roba-robar da ake yi yanzu nesa ba kusa ba, musamman waɗancan 'yan ƙananan masu USB da ake cewa suna mayar da kaset MP3, kar ka ba su amanar kaset ɗin Baba. Amma ranar da ta miƙe, kunnawar farko ta kasance kebul yana jone daga bayanta zuwa kwamfuta, manhajar naɗar sauti ta Audacity kyauta ce, ka ajiye a WAV ko FLAC, nau'in fayil ɗin da ba ya rage sauti, ka tura wa 'yan'uwanka kowa ya riƙe nasa. Ni sai bayan ɓarna na yi haka. Na haɗa zaren da salatif ɗin da aka yi don wannan aikin, kar ka sa na takarda, gam ɗinsa yana tsatsowa ya manne zare. Na samu kusan duka, amma wajen addu'ar nan muryar tana ɗaukewa tana dawowa, sunan ƙanwata ya fito, nawa yana cikin guntun da ya tsinke.

Ka turo lambar injin da hoton cikinsa in ka buɗe, musamman robar nan da bel ɗin, in sha Allah zan duba maka kafin ka miƙa wa kowa.