Amsa kan ƙaramar mota da cefane a Aldi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace sabon zuwa Amurka ya sayi ƙaramar motar Japan, ya kuma riƙa cefane a Aldi, wani babban kantin sayar da kayan abinci. A ganina ya dace ƙwarai. Toyota Corolla ba ta shan mai sosai, kuma kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Aldi kuwa, wanda ya shigo Amurka daga Jamus a 1976, yana da araha ne saboda yawancin kayansa masu tambarinsa ne, ma'aikatansa kuma kaɗan ne, shi ya sa za ka saka tsabar santi 25 (kwatan dala) kafin ka ja keken kaya, a mayar maka idan ka dawo da shi. Naman halal dai, gara ka nemi shagon Musulmi.