Ya halatta in haɗa karatun tauhidi da falsafar Turawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sauke Alƙur'ani, na yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya a zaure, yanzu ina cikin Risala. A jami'a an sa mu darasin falsafa da manɗiƙi (ilimin ƙa'idojin kafa hujja) na dole, sai abin ya shiga raina, har ina son in zurfafa in haɗa shi da karatun tauhidi. Baba ya ce kul, wai duk wanda ya yi manɗiƙi ya zindiƙance. Ni kuma, tsakani da Allah, tun da muka karanta maganar Hiyum, wani Bature mai falsafa, a kan mu'ujiza wani abu ke sukata a zuciya. Ya halatta in ci gaba? In ya halatta, ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwana. Allah ya yi wa karatu albarka, ya ƙara wa Baba lafiya.

Maganar Baba ba daga ka ya ɗauko ta ba, kada ka raina ta. Imamu Malik da Imamu Shafi'i sun ƙyamaci nutsawa cikin jayayyar kalam, wato tattauna aƙida da hujjojin hankali. Ibnus Salah da Nawawi sun haramta manɗiƙi, Suyuɗi ya yi rubutu a kan haramcinsa, Ibnu Taimiyya kuma ya yi littafi sukutum yana warware manɗiƙin Girkawa. Sai dai ga wani abu da zai ba ka mamaki. Ahalarin nan da ka koyi tsarki da sallah a cikinsa, mai shi, Abdurrahman al-Ahdari na ƙasar Aljeriya, shi ne ya tsara waƙar manɗiƙi mai suna Sullam a shekara ta 941 Hijira, yana ɗan shekara 21. A cikinta ya kawo saɓanin da kansa: ya ambaci masu haramtawa da sunansu, ya ce wasu kuma suna ganin ya kamata a san shi, sannan ya ce magana mafi inganci ita ce ya halatta ga mai cikakkiyar basira wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Fatawar da nake bi ke nan, kuma sharaɗin nan da ya gindaya shi ne ƙashin bayan duk abin da zan faɗa maka.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare manɗiƙi, yana cewa a karɓi gaskiya ko daga bakin kafiri ta fito. Jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, wato Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, ya karanci ilimin hikima ya kuma yi rubutu a kansa a cikin daular Sakkwato. Shi Shehu Usmanu kuwa ya yi ta tsawata wa ɗaliban kalam da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin hankali ba. Ka riƙe wannan ma, domin cutar farko da ke kama mai wannan karatu girman kai ce, tun kafin kokwanto ya zo.

Wanda ya fi dacewa ka kalli yadda ya yi shi ne Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. Ya ba da labari da kansa cewa yana karantar da ɗalibai 300 a Bagadaza ya riƙa satar lokaci yana karanta littattafan masu falsafa, ya ƙure su cikin ƙasa da shekara biyu, ya ƙara kusan shekara guda yana juya su a ransa. Dalilinsa shi ne, raddi ga mazhabar da ba ka fahimta ba jifa ne cikin duhu. Da ya zo raddin, cikin Tahafutul Falasifa, mas'ala 20 ya ɗauka, kuma uku kacal ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa dalla-dalla ba, da musun tashin jiki ran ƙiyama. Lissafi da manɗiƙi bai taɓa su ba. Har ma ya yi kashedi da masoyin Musulunci jahili, wanda zai ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini, sai wanda ya san lissafin ya ɗauka addinin ne aka gina kan jahilci. Ya buga wani misali da Bahaushe zai gane nan take: zuma ba ta zama ƙazanta don an same ta cikin ƙahon wanzami. Amma kada ka manta, kafin Gazali ya buɗe littafin Ibnu Sina, jigon masu falsafa, ya riga ya ƙoshi a gaban malaminsa Imamul Haramaini a Naisabur. Da cikinsa cike ya shiga.

Yanzu mu zo kan abin da ke sukarka. Na fi son in daɗe a nan, don shi ne zai nuna maka yadda karatun biyu ke cin juna.

Hiyum, mutumin Sikotilan da ya rasu a 1776, ya ce idan ka ga abu ya biyo bayan abu, idonka bai taɓa ganin wata igiya ta dole da ta ɗaure su ba. Ka ga wuta, ka ga ƙuna, sau dubu, sai zuciyarka ta saba tana jiran na biyu in ta ga na farko. Fiye da shekara 600 kafin shi, Gazali ya kawo misalin wuta da auduga a mas'ala ta 17 ta littafin nan nasa: abin da muke gani shi ne ƙuna tana faruwa a lokacin haɗuwa da wuta, ba mu ga cewa wutar ce ta wajabta ta ba. Shehu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahin da ake karantawa a zaurukanmu, ya rasu a 1490, ya raba hukunci gida uku: na shari'a, na al'ada, na hankali. Hukuncin hankali shi ne irin cewa rabin abu bai kai dukkansa ba, wannan ba ya saɓawa har abada. Hukuncin al'ada shi ne alaƙar da maimaituwa ta tabbatar, kamar ƙoshi bayan cin abinci, kuma saɓawarsa mai yiwuwa ce. Wutar da ta ƙi ƙona Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, al'ada ta keta, ba ta karya hukuncin hankali ba. Ɗalibin da ya riƙe wannan rabe-rabe daga zaure, in ya shiga aji aka ce mu'ujiza ta saɓa wa dokar halitta, zai tambaya: wace irin doka, ta hankali ko ta al'ada?

To amma kada ka tsaya nan ka ce an gama da Hiyum, domin ba a gama ba. A babi na 10 na littafinsa na 1748, hujjarsa a kan mu'ujiza ta karkata ne ga labari: ya ce kuskuren mai ba da labari ko ƙaryarsa kullum ya fi kusa da yiwuwa a kan ketawar abin da aka saba gani. Ka ga wannan tambaya ce a kan shaida da ruwaya. Amsarta tana wani ɗaki daban, ɗakin usulul fiƙhi da musɗalahul hadis, inda malamai suka yi bayanin tawaturi: yaushe yawan masu ruwaya ke kai matsayin da haɗa baki kan ƙarya ba zai yiwu ba, kuma me ya bambanta shi da labarin mutum ɗaya. Sannan babbar mu'ujizar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Alƙur'ani ce, ga ta a hannunka, ba sai an ba ka labarinta ba. Ka ƙara da cewa Musulmi ma ba bakinsu ɗaya ba kan batun sababi, wato ko wani abu na haddasa wani, kamar wuta da ƙuna. Ibnu Rushdi ya mayar wa Gazali martani cewa wanda ya soke sababi ya soke ilimi, Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim kuma suna ganin Allah ya sanya ƙarfi na gaske a cikin sabuba, yana kuma hana su aiki in ya so. Mas'ala ɗaya ce ka kawo, ga ta ta kai ka fanni huɗu.

Abin da na fi ji wa ɗalibai tsoro shi ne abin da aka taɓa sukar Fahruddin Razi da shi, cewa yana kawo shubuha lakadan ya bar amsa ajalan. Haka darasin jami'a yake a ɗabi'arsa. Mako guda a kan Dekart, mako guda a kan Hiyum, mako guda a kan Kant, jarrabawa ta zo a wuce. Shubuhar ta shiga cikin awa ɗaya, amsarta kuwa tana bukatar Larabci da shekaru. Na ga yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya san hujjar masu musun Allah daga samuwar sharri a duniya ciki da bai, amma bai taɓa zama ya karanta babin ƙaddara a gaban malami ba. Yana auna falsafar manyan jami'o'i da tauhidin da ya tsaya masa tun yana ɗan shekara goma a Islamiyya, dole ma'auni ya rinjaya gefe guda. Laifin na rashin daidaiton guzuri ne, kuma yana gyaruwa.

Ka kuma kula da kalmomi, suna yaudara. Jauhari a bakin Ash'arawa, wata mazhabar malaman kalam, ƙwayar da ba ta rabuwa ce, a bakin mabiyan Aristo, mai falsafar Girkawa, kuma abu ne mai tsayuwa da kansa. Abin da Sanusi ke kira hankali ba shi ne daidai abin da Kant ke nufi ba. Shi Kant ɗin, a littafinsa na 1781, tambayar da ya ɗaga ta fi ta Hiyum zurfi: shin hankali na da hurumin yanke hukunci a kan abin da ya wuce iyakar gani da ji? Littattafan zaure an rubuta su kafin a yi wannan tambaya da wannan siga, saboda haka sai ka nemi waɗanda suka zo bayanta. Mustafa Sabri, wanda ya riƙe muƙamin Shaihul Islam a ƙarshen daular Usmaniyya ya rasu a Masar a 1954, ya yi mujalladi huɗu yana fafatawa da irin waɗannan ra'ayoyi. Muhammad Abdullahi Daraz na Azhar ya kare digirinsa na dakta a Faransa a 1947 a kan tsarin ɗabi'a a Alƙur'ani, yana gwada shi da na Kant. Muhammad Iƙbal ya yi karatu a Ingila da Jamus. A Azhar kanta, a kwalejin Usuluddin, akwai sashen da aƙida da falsafa ke zaune ƙarƙashin suna ɗaya. Kuma ka cire wa ranka cewa falsafar Turawa duk mulhidanci ce. Toma Akwinas malamin coci ne da ke ambaton Ibnu Sina da Ibnu Rushdi a rubutunsa, Dekart ya kafa hujjoji kan samuwar Allah, kuma a 1979 wani Ba'amurke Kirista ya fitar da littafi yana kare hujjar faruwar duniya ta malaman kalam, da sunanta na kalam.

Ta ina za ka fara? Kada ka ajiye Risala, muƙaddimarta ma aƙida ce tsantsa. Ka ƙara da matani guda na tauhidi a gaban malamin da ka amince da addininsa, ka bi shi har ƙarshe da sharhinsa, ko Ummul Barahin ce ko Aƙidar Ɗahawi. Ka matsa wa nahawu, don fassara ba za ta kai ka ko'ina ba a wannan fanni. Sannan Sullam, ka gwama shi da manɗiƙin da ake koya muku a aji, za ka tarar gida ɗaya suka fito. Bayan haka ka riƙa ɗaukar mas'ala ɗai-ɗai, kada ka bar ta sai ka ji bakin kowa. Misali, tambayar Aflatun, mai falsafar Girkawa, shin abu na da kyau don an yi umarni da shi ne ko an yi umarni da shi don yana da kyau, ita ce Mu'utazilawa da Ash'arawa da Maturidawa suka daɗe suna gwabzawa a kanta. Muhawarorin YouTube kuwa ka rage su sosai, ana yin su ne don a kayar da abokin hamayya a gaban 'yan kallo.

A jarrabawa in an ce ka bayyana hujjar mai musun Allah, ka bayyana ta daidai yadda mai ita zai yarda cewa tasa ce. Hakaito kafirci ba kafirci ba ne, Alƙur'ani ya hakaito maganar Fir'auna da ta masu cewa zamani ne kawai ke halaka mu. Rage wa hujjar abokin hamayya ƙarfi don ta yi sauƙin karyawa ha'inci ne, kuma ranar da ka gamu da ita da cikakken ƙarfinta za ta same ka ba shiri.

Game da sukar da kake ji, kada ta firgita ka. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun kai kukan suna jin abin da ba za su iya furtawa ba a zukatansu, Manzon Allah ya ce wannan shi ne tsantsar imani, wato ƙin da suke yi wa abin. Ka bambance abu biyu. Waswasi shi ne wanda ke dawowa ko an amsa shi, maganinsa neman tsari da kau da kai. Shubuha kuwa tana da ƙafafu, za ka iya rubuta ta a takarda, maganinta ilimi. Taka ta biyun ce, ka rubuta ta ka kai wa malami. In ka ga sallarka ta fara sanyi, ko ka fara jin daɗin rikita abokai da tambayoyi, ka dakata da falsafar zango guda, ba inda za ta gudu.

Baba kuma kada ka yi jayayya da shi, kada ka ja masa baitin Sullam da bakinka. Darasin dole ka yi shi, ba makawa. Zurfafawar kuwa, ka samu malamin da kake ɗaukar Risala a wurinsa, ko wani da Baba ke jin nauyinsa, ka karanta masa wannan amsa, ka roƙe shi ya je ya same shi. In sun amince, ka nemi shi malamin ya zama mai duba ka, ka riƙa kai masa abin da kuka karanta duk mako.