Aikin cibiyar ƙwayar halitta

Malam, ka tambayi aikin cibiyar ƙwayar halitta, da yadda jajayen ƙwayoyin jini suke rayuwa ba tare da ita ba. Cibiyar ita ce ma'ajiyar DNA, wato zaren da yake ɗauke da bayanan gado, wanda a ƙwayar halittar ɗan'adam tsawonsa zai kai kusan mita 2 idan aka warware shi, amma an nannaɗe shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. Tantani mai ruɓi biyu ne ya kewaye ta, kuma ta ƙananan ƙofofinsa umarnin haɗa furotin yake fita. Jajayen ƙwayoyin kuwa, da cibiyarsu suke fara girma a cikin ɓargo, sannan su fitar da ita domin himoglobin, wato furotin mai ɗaukar iskar oksijin, ya sami wuri, shi ya sa ba sa hayayyafa, kuma bayan kimanin kwana 120 sai saifa ta kawar da su.