Motar tsohon Singer ɗina tana hayaƙi, in sayar ko in gyara?

Wani tela daga Tudun Wadan Zariya ya rubuto mini cewa: "Malam, keken ɗinki uku gare ni a shago. Akwai Butterfly na ƙafa, da Singer 201K da na gada a wurin mahaifina, mai mota (injin lantarkin da ke juya shi) a bayansa, sai wani Singer 15-91 da na saya a gwanjo, ko jona shi ban yi ba tukuna. Kwanan nan motar keken mahaifina ta fara zafi da hayaƙi, ga wari, alhali kullum da safe sai yarona ya ɗiga mata man keke. Wani dillali ya ce motar ta mutu, in sayar masa da tsofaffin biyu, in ciko da bashi in sayi babban keken nan na indastiriyal kafin azumi. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a sana'ar da ya bar maka.

Amsar matsalarka tana cikin wasiƙarka, a wurin da ka ce kullum yaronka na ɗiga wa motar man keke. Ka kawo wannan a matsayin shaidar cewa kuna kula da ita, ni kuwa a nan nake zargin cutar take. Kan keke daban, mota daban. Kan keke, wato sandar allura da wurin ƙoshiya da sauran ƙarafan da ke gogar juna, yana son mai akai-akai, ɗigo ɗaya a kowace kafa. Motar Singer ta wancan zamani kuwa ba a yi ta don shan mai ba, har littattafan da kamfanin ke haɗowa da kekunan sun yi kashedin kada a sa mata. Abincinta giris ne, shi ma sau ɗaya a wata shida ko a shekara.

Ka juya keken ka duba motar da kyau. A kowane gefe, daidai inda sandar motar take juyawa, za ka ga wani ɗan bututun ƙarfe mai ƙaramin baki. A cikinsa akwai lagwani na ulu, kamar na fitilar ƙwai amma siriri, wanda ƙarshensa ke taɓa sandar. Ana cusa giris mai taushi a bututun. Idan mota ta ɗan yi ɗumi sai giris ɗin ya narke kaɗan-kaɗan, lagwanin ya tsotsa ya shafa wa sandar daidai abin da take bukata. To, in aka zuba mai mai ruwa a wannan bututu, lagwani ba ya iya riƙe shi. Sai ya zarce cikin motar, ya jiƙa kabon guda biyu, wato 'yan sandunan gawayin da ke kai wa motar wuta, da zoben tagullar da suke gogawa a kai. Can ya haɗu da garin kabon da ƙurar hunturu da burbushin yadi, ya zama baƙin kwaɓi. Wuta na bi ta cikinsa sai tartsatsi, sai zafi, sai hayaƙi. Motar da ke cikin wannan hali sau da yawa ba ta ƙone ba, wanki kawai take nema.

Hancinka ma zai taimake ka. Warin man da ya ƙone daban yake da warin koyil, wato naɗin wayar da ke cikin motar, da ya ƙone. Na koyil yana da kaifi, kamar an babbake roba da fenti, kuma yana daɗewa a jikin motar ko ta huce. Zare filogi daga bango tukuna, sannan ka cire bel ka juya sandar motar da yatsa. In tana juyawa sumul ba ta girgiza gefe da gefe, da sauran ranta. Sai ka kwance murafan nan biyu baƙaƙe da ke rufe kabon, a hankali, don sun tsufa kuma saurin fashewa gare su. Kabon zai fito da ɗan sifirin a bayansa. Ka lura da yadda kowanne ya zauna don ka mayar da shi haka. Tef ɗinka na wuyanka, auna: in tsawon kabon bai kai kwatan inci ba, a canza shi. In ya kai, goge shi da tsumma mai tsabta, ka naɗa auduga a tsinke, ka ɗan jiƙa da sifirit, ka zura ta ramin kana juya sandar har audugar ta daina fitowa baƙa. Kada ka yi da fetur. Ka bar ta ta bushe sarai kafin ka jona. Idan lagwanin ya riga ya jiƙe sharkaf da mai, ko ka ga rigar wayoyin tana farfashewa kamar busasshen ƙanzo, wannan ya wuce aikin tela, kai wa mai gyaran mota ya buɗe ta ya sake waya da lagwani.

Sai batun wane giris. Kada ka aiki yaro wurin bakanike ya ɗebo maka na mota ko na babur. An yi shi ne don ya jure zafi ba tare da ya narke ba, don haka lagwani ba zai ja shi ba. Sai ka ga bututu cike, sandar kuwa a bushe tana cin kanta. Na asalin da Singer ke sayarwa a da a 'yar tuba mai narkewa ne da ɗumi kaɗan, shi ya sa masu gyaran tsofaffin kekuna da yawa ke amfani da farin basilin marar turare a madadinsa. Ɗan kaɗan, kamar ƙwayar wake a kowane bututu. A zafin watan Afrilu, a shago mai rufin kwano, basilin da kansa yake saki, saboda haka kada ka danƙara. Man gyaɗa da manja kuwa ko kan keke kada su kusanta, bare mota. Suna daskarewa su zama ƙaro. Na taɓa ganin keken da aka yi shekaru ana ba shi man gyaɗa, sai da aka jiƙa shi da kananzir kwana da kwanaki kafin ya yarda ya juya.

Ba kowace mota ce haka ba. Ƙananan motocin nan na China da ake ɗaura wa Butterfly, wasunsu suna da 'yar kafar mai a kowane gefe, waɗannan ɗigo ɗaya na farin man keke ya ishe su watanni. Wasu kuma a rufe suke ruf, ba a sa musu komai.

Na gwanjon nan, 15-91, ka gode wa Allah da ba ka jona shi ba. Galibin wannan samfuri a Amurka aka ƙera shi, kuma wutar gidajen can bolt 110 zuwa 120 ce, tamu kuwa 230. Akwai ɗan allon ƙarfe a jikin motar da aka rubuta ƙarfin wutar da take ɗauka, karanta shi kafin komai. In 110 ka gani, sai da 'yar tiransfoma mai rage wuta, in ba haka ba tashi ɗaya za ta ƙone. Ita kuma wannan motar a manne take da jikin keken, da haƙoran giya take juya shi ba da bel ba, don haka in ta ƙone ba za ka je kasuwa ka sayo wata ka ɗaura kamar ta Butterfly ba. A ƙarƙashinta akwai 'yan kofuna biyu masu murfi, nan ake sa mata giris. Shi kuwa na mahaifinka, harafin K ɗin nan yana nuna a masana'antar Singer ta Clydebank a Sikotilan aka yi shi, wadda aka rufe a 1980. Ba a ƙara yin irinsa, kuma a kekunan gida na ɗinki miƙaƙƙe kaɗan ne suka kai 201 laushin tafiya da kyan layi. Dillalin ya san wannan. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya ce kayanka sun mutu kuma ya ce shi zai saya, ka nemi bakin wani kafin ka sallama.

Yanzu lissafin kuɗi. Ɗauki biro ka rubuta abu uku: kuɗin wanke motar da sabon kabon, kuɗin sabuwar ƙaramar mota ta bel da za ka ajiye a matsayin ko-ta-kwana, da abin da za ka riƙa biya duk wata in ka ci bashin indastiriyal. Na farko da na biyu, in ka haɗa su, ba za su kusanci na uku ba, kuma sau ɗaya za ka biya su. Bashin kuwa ba ya sanin an gama Sallah. Kai ka fi ni sanin yadda shago ke yin tsit bayan an sauko daga Idi, ga masu karɓar kaya su ce sai ƙarshen wata. Ka kuma tuna indastiriyal ba ya motsi sai da wuta. In tsohuwar mota mai kulochi ce a ƙasansa, tana juyawa ne tun da ka kunna ko kana ɗinki ko kana hira, man janareto na tafiya. Keken mahaifinka kuwa, ranar da wuta ta ƙi, kana iya ɗora kansa a teburin ƙafa ka ci gaba da aiki.

Ban ce kada ka sayi babban keke ba. Motar keken gida ba a yi ta don a kwana ana taka ta ba, kuma in a goman ƙarshe na azumi kana mayar da masu kawo shadda saboda aiki ya fi ƙarfinka, to lallai shagonka ya isa indastiriyal. Amma ka bari wannan Sallar ta gaya maka. Ka riƙa rubuta duk ɗinkin da ka ƙi karɓa da kuɗinsa. Bayan Sallah ka tara, ka ga ko ya kai abin da zai riƙe biyan keken. In ya kai, ka saya da ribar da ka samu da kwasar adashi, ka nemi mai sabuwar motar nan da ake kira sabo (servo) wadda ba ta jan wuta sai an taka, lokacin kuma kasuwar kekuna ta lafa, kana da bakin yin tayi. Kuɗin kafin alƙalami da mutane suka ba ka na ɗinkin Sallah kada ka taɓa shi don sayen keke, na zare da maɓalli da sitif ne.

Yaron kuma kada ka yi masa faɗa, abin da ya ga ana yi wa kan keke ne ya yi wa mota. Zaunar da shi ka nuna masa lagwanin da idonsa. Sannan ka samo jan fenti ko jan farce ka ɗiga a bakin bututun nan biyu, ka gaya masa duk inda ya ga ja ba ruwan gwangwanin mai da wurin. Ranar da ka sa basilin, rubuta kwanan wata a bango kusa da inda kake rubuta awon mutane.