Ina Zan Samu Zaman Masu Ƙoƙarin Daina Shan Giya?

TAMBAYA: Likita, barka da ƙoƙari. Shekara takwas ke nan ina shan giya a ɓoye. Rantsuwar da na yi cewa na daina ta fi a ƙirga, amma ba na cika sati biyu sai na koma gidan jiya. Na ji ana cewa akwai zaman da masu irin matsalata ke yi suna ƙarfafa wa juna gwiwa. Ta yaya zan samu irinsa kusa da ni, kuma ba za a tona mini asiri ba? Don Allah a sakaya sunana.

AMSA: Sannu ɗan'uwa, na ji daɗi da ka furta abin da ke cikinka. Kafin mu je ga zama, ina da tambaya. Idan ka wayi gari ba ka sha ba, hannunka yakan yi karkarwa har ka kasa riƙe kofi? Gumi yakan keto maka, zuciya ta riƙa tashi, sai ka ɗan kurɓa kafin ka dawo daidai? In haka ne, kada ka yanke giya dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Waɗannan alamu sukan fara awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, wani ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, wani kuma a kwana na 2 ko na 3 ya ruɗe yana ganin abin da babu shi, kuma wannan yana iya kisa. Fara zuwa asibiti a sauke ka a hankali da magani.

Zaman da ka ji labarinsa, mafi shahara shi ne na ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA. Mashaya biyu ne, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka fara ta a 1935 a garin Akron na Amurka, bayan sun lura cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya taɓa shiga irin halinsa. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: kana son ka daina sha. Ba a rajista, ba a yanka maka kuɗi, kuma da sunan farko kawai ake kiran mutum. Ƙa'idarsu ita ce abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Ban ce bakin kowa na da linzami ba, shi ya sa nake ba masu tsoron tonon asiri shawarar su zaɓi rufaffen zama, wanda masu matsalar kaɗai ke shiga, maimakon buɗaɗɗe da ake barin dangi da baƙi.

Hanya mafi sauƙi ta samun su ita ce ka tambayi likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin da ke kusa da kai, domin su ke tura marasa lafiya can. Shafin aa.org ma yana nuna ofisoshin ƙasashe, akwai kuma manhajar waya mai suna Meeting Guide. In garinku babu, ko kana fargabar ka yi kiciɓis da idon sani, ana yin zama ta intanet dare da rana, kana iya kashe kyamara ka saurara kawai.

Tsarin AA na matakai 12 ne, kuma yana ambaton dogaro ga wani iko da ya fi naka, kowa da yadda ya fahimce shi. Musulmin da ke son tsarin da aka gina kan addininsa akwai Millati Islami, wadda aka kafa a garin Baltimore na Amurka a 1989. Wanda ya fi son dabarun sauya tunani da ɗabi'a akwai SMART Recovery. Iyalinka kuma, in sun sani, ƙungiyar Al-Anon ta dangin mashaya tasu ce.

Ko yana aiki? A 2020 masu bincike na Cochrane, wata ƙungiya mai tantance binciken kiwon lafiya, sun tattara nazari 27, suka gano cewa shirye-shiryen da ke haɗa mutum da AA sun kai sauran hanyoyin ba da shawara, har sun fi su wajen sa mutum ya daina sha gaba ɗaya. Duk da haka zama ba ya maye gurbin likita. Akwai magunguna irin su naltrexone da acamprosate da ke rage ƙawar giya, ka tambaya a kansu.

Ranar farko za ka ga kujeru a kewaye, wani ya ce yau kwanansa tara, wata ta ce shekararta shida. Idan layi ya zo kanka ba ka shirya ba, ka ce yau saurare ka zo yi, babu mai matsa maka. Roƙona shi ne kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Je sau biyar ko shida, ka gwada wurare daban-daban in da hali, domin kowane zama da irin mutanensa. Kuma ko ka sake zamewa ka sha, ka koma, da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wurin sun taɓa hakan. Kafin ka fita a ranar farko, karɓi lambar wayar mutum ɗaya da ya daɗe da dainawa, wanda za ka kira da daddare idan ƙawar ta taso, tun kafin ka sa takalmi.