Amsa ga ɗana kan faɗuwar tauraro

Ɗana, tambayarka ta ba ni dariya, ta kuma ɗan tayar mini da hankali, domin kana so ka sani ko ya dace ka gaya wa 'ya'yanka cewa faɗuwar tauraro alamar rasuwar wani babba ce, kamar yadda aka gaya mana.

Muna yara a Daura, a tsakar gida muke kwana lokacin bazara. Wani dare haske ya tsaga sama daga gabas, sai kakarmu ta tashi zaune a kan tabarma tana salati, ta hana kowa nuna wurin da yatsa, ta ce wani babba ya tafi. Da na matsa mata da tambayar abin da ya kayar da shi, sai ta ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, ta umarce ni in kwanta. Abin da muka gani ɗan dutse ne da ya ƙone a cikin iska, amma karin maganarta ta dace da ainihin mutuwar tauraro, wadda na daɗe ina koyarwa a aji.

Tauraron da ya ninka rana nauyi sau takwas ko fiye, idan makamashinsa ya ƙare, cikinsa yakan rufta saboda nauyin kansa, sauran jikin ya tarwatse. Matsin yakan cusa ilektaron cikin furoton su zama niyutaron (dukansu ƙananan ɓangarori ne na ƙwayar zarra, wadda kowane abu ya ginu da ita), har abin da ya fi rana nauyi ya dunƙule cikin faɗin kilomita 20 kacal, inda cikin cokalin shayi ɗaya yake kai tan biliyan guda. Abin da ke hana shi ƙarasa ruftawa shi ne niyutaron biyu ba sa zama a hali ɗaya, ga kuma ƙarfin nukiliya da ke ture su idan sun matsu ƙwarai. In nauyin wannan dunƙulen ya zarce ninki biyu da ɗoriya na rana, wannan ma yakan gaza, a sami baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓucewa daga cikinsa.

Masu duban taurari a ƙasar Sin sun rubuta fashewar irin wannan tauraro a 1054, a sashen saman da Kaza da 'Ya'yanta take, kuma ragowarsa, wato irin wannan dunƙulen niyutaron, har gobe tana juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa. Ku kuwa yanzu kun bar yara da waya, ba na jin akwai wanda zai iya nuna Kazar a cikinsu. Ka kawo mini su hutun hunturu, lokacin tana fitowa da wuri, mu fara daga nan tukuna.