Kamfanin haƙar ma'adinai ya yi mana alkawari da baki, ko ya isa?

Malam, na karanta wasiƙarka. Ka ce kamfani ya zauna da dattawanku, ya yi alkawarin rijiyar burtsatse da asibiti da ɗaukar matasa aiki, amma ba a rubuta ko layi ɗaya ba, ga motocin haƙa sun fara isowa.

Bari in fara da mai ɗacin. A galibin ƙasashe gona taka ce, amma abin da ke ƙarƙashinta na gwamnati ne, ita ke ba da lasisi. Hana haƙar gaba ɗaya abu ne mai wuya. Sai dai lasisi ba ya nufin kamfani ya shigo babu sallama. Ƙasashe da dama sun wajabta masa ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma: Najeriya a dokarta ta 2007, Saliyo a 2009, Kenya a 2016. A ta Najeriya, sai an kammala ta kafin a fara aiki, a sake duba ta duk shekara 5, in an kasa daidaitawa a kai gaban ministan ma'adinai.

Alkawarin baki bai isa ba: manajan da ya yi muku fara'a yau, gobe an sauya shi, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Ko a takarda ma, "za mu tallafa wa ilimi" ba abin da alƙali zai kama ba ne. Ku rubuta aji nawa, a wane wata, wa zai gyara injin rijiya in ya lalace. Ku sa sharaɗin cewa duk wanda ya sayi lasisin ya gaji alkawuran. Shi aka fi mantawa. Kada kuma mutum ɗaya ya sa hannu da sunan kowa a ɗaki. A zaɓi wakilai a bainar jama'a, har da mata da makiyaya.

Diyyar gonarka daban take, kada a cusa ta cikin kuɗin asibiti. Tun yanzu ka ƙirga bishiyoyinka, ka ɗauki hoto, ku sa a gwada ruwan da kuke sha ku adana sakamakon.

In suka yi kunnen uwar shegu, ku rubuta ƙorafi ga kamfanin, ku karɓi shaidar an amsa, sannan ma'aikatar ma'adinai, kotu daga ƙarshe. Tare hanya kuwa ban ba ku shawara ba: ku masu ƙara ne, kada ku koma waɗanda ake tuhuma.